Rubutun da ke Bayan Hoton Alhaji Ɗanlami

Aikin farko da aka ɗora ni a kai ba gini ba ne, shara ce. Wani tela a unguwar Laranto, nan cikin Jos, ya kawo mana shafinsa na intanet, wanda ɗan ƙanwarsa ya haɗa masa kafin ya tafi bautar ƙasa. Da ka buɗe sai kiɗa ya tashi, sunan telan ya riƙa juyawa a sama, taurari na zuba daga gefe. Abu ɗaya yake so a yi masa: ya canja lambar waya, a cire tsohuwar a sa sabuwa. Mai shagon da nake koyon aiki, Oga Pam, ya ja mini kujera ya ce aikin minti kaɗan ne, in fara koyo da shi. Yana faɗa yana murmushi, ni kuwa lokacin ban san ma'anar murmushinsa ba.

Na buɗe cikin shafin, wato kod ɗin da ke bayan abin da ido ke gani. Yaron nan ya tara komai a wuri guda, ƙashin shafi da adonsa da abin da ke motsa shi, ba sarari, ba layi a tsaye. Sunayen da ya raɗa wa abubuwa kuwa su ne suka kusa sa ni kuka: abu, abu2, abu_sabo, abu_sabo_na_gaske, wannan_kar_a_taɓa. Na samu lambar wayar, na canja. Sai kiɗan ya mutu, hoton wata riga ya faɗa kan sunan telan. Na mayar da tsohuwar lamba, kiɗan bai dawo ba. Har yau ban san abin da ya haɗa lambar waya da kiɗa a kan yaron nan ba, kuma ina addu'a duk inda yake Allah ya haɗa shi da aikin wani irinsa.

Ina ba ku wannan labari ne, ku da ke zuwa ajina na ranar Asabar a unguwar Ali Kazaure, saboda na gaji da jin magana ɗaya. Kowane sabon shiga sai ya ce, Anti Hajara, ai wannan aikin ya zama wasa, akwai shafuka a shirye, akwai ma na'urar da za ka gaya wa abin da kake so ta rubuta maka. Na ji. Ni ma ina amfani da ita, ba tsohuwar da ta ƙi zamani ba ce ni. Amma ku kuna kallon fuskar shafi ne kawai, ita kuwa fuska kowa ya iya yi mata kwalliya. Sana'ar tana can baya, inda kuke ganin ba mai leƙawa.

Oga Pam mutumin Filato ne, da gyaran keken rubutu ya fara, ya koma gyaran kwamfuta, daga nan ya koya wa kansa HTML da CSS, yarukan da ake gina shafi da su, daga wasu littattafai masu kauri da ɓera ya ci gefensu. Hausarsa irin ta cikin Jos ce, bai damu da mace ko namiji ba, kowa kai ne a wurinsa. Ranar da ya ga na yi zufa a kan shafin tela sai ya ce, "Hajara, kai ka gani yanzu? Ba don kwamfuta kake rubuta kod ba. Kwamfuta ba ya gajiya, ba ya fushi. Mutum ne zai zo bayanka ya karanta, kuma wataƙila wannan mutum yana da hawan jini."

Daga wurinsa na koyi raba kaya: ƙashin shafi daban, ado daban, motsi daban, kowanne a fayil ɗinsa. Na koyi cewa in abu kan magana ne ka rubuta shi a matsayin kan magana, in maɓalli ne ka yi shi maɓalli na gaskiya, ba ka ɗauko kowane akwati ka shafa masa launi ka ce a danna ba. Suna kuwa dole ya faɗi aikin abin. In Oga ya ga ka sa wa abu suna "ja" don launinsa ja ne, zai tambaye ka ran da mai shafi ya ce a mayar da shi kore, wane suna za ka kira shi a gaban mutane.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfutoci biyu, ɗaya sai an ɗan buga mata gefe take tashi, da ƙaramin janareto da maƙwabta suka tsana. Amma babban kayan aiki wani aljihun tebur ne cike da wayoyi, Oga na kiransa asibiti. Akwai mai fasasshen gilashi, akwai ƙarama da allonta bai fi kwalin ashana ba, akwai wadda in ta buɗe shafi sai ta yi zafi. Ba aikin da zai bar shago sai ya bi ta asibiti. Bayan haka a ba ka waya ɗaya ka fita tsakiyar rana ka gani ko rubutun na karantuwa, sannan ka miƙa wa Maman Ladi mai masa da ke ƙofar shago. In babban yatsanta mai maiƙo bai iya danna maɓallinka ba tare da ya danna na kusa da shi ba, to maɓalli bai yi ba, koma ciki.

Wani dillalin shanu ya taɓa kawo mana hotunan bijimansa ya ce a sa su yadda suke, kada a rage komai, yana so mai saye ya ga har ƙudan da ke kan tozo. Oga ya ce to. Ya sa guda ɗaya yadda yake, ya miƙa masa wayar asibiti. Muna zaune ƙahonni suka fito, muka jira, goshi ya fito, dillali ya gyara zama, aka kira sallah, muka je muka dawo, hoton bijimin bai kai wuya ba. Da bakinsa ya ce a rage. Tun daga ranar na san cewa kowane hoto mai nauyi datar wani talaka ce kake ci.

Akwai dokoki biyu da Oga ba ya wasa da su. Ta farko, kowane gyara a ajiye shi a ma'ajiyar da ake kira git, da ɗan bayanin abin da aka canja, yadda ko bayan shekara za a iya komawa a ga yadda shafi yake jiya ko shekaranjiya. Ta biyu, ido biyu. Ba ka ɗora aiki a intanet sai wani ya karanta kod ɗinka tun daga sama har ƙasa. Shi kansa Oga sai ya juyo mini da allonsa ya ce in duba.

Dokar ido biyu an yi ta ne kamar don Kabiru. Bayana ya zo shagon, ɗan unguwarmu ne, kuma ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nasa ba. Shafinsa ba ya nauyi, hotunansa ko a wayar da ta fi kowace ciwo suna buɗewa nan take. Matsalarsa baki. Kabiru ba ya iya ganin mutum bai lura da abin dariya a jikinsa ba, kuma in bai faɗa ba ciwon ciki yake yi. Tunda ba dama ya faɗa a gaban kwastoma, sai ya riƙa zubawa a cikin kod. Ka buɗe aikinsa ka ga sashen farashi an sa masa suna alhajin_ragi, ko ka tarar da bayani a gefe: wannan launin ba laifina ba ne, matar mai shago ce ta zaɓa. Ni ce mai karantawa, ni ce mai gogewa. Nakan yi dariya tukuna, sannan in goge.

Sai shekarar wahala ta zo. Gari bai zauna lafiya ba, yau a sa dokar hana fita, gobe a sassauta, jibi a mayar. Kasuwa ta kwanta, ba wanda ke tunanin shafin intanet alhali bai san ko zai buɗe rumfa ba. 'Yan kwastomomin da suka rage kuma suka gano kowa na da ɗan ɗan'uwa da zai haɗa musu shafi a shirye. Oga Pam ya miƙa mini makulli ya tafi ƙauyensu noman dankali, ya ce gara ya riƙa ganin abin da ya shuka yana fitowa. Ni da Kabiru muka koma buga katin biki da sa wa mutane waƙoƙi a waya.

A cikin wannan hali Kabiru ya ga ya dace ya nemi aure. Balkisu ce, 'yar Alhaji Ɗanlami mai rumfar katako a kasuwar Katako, kuma ita ma tana sonsa, duk unguwa an sani. Manyansa sun je gaisuwa, aka ce musu za a yi shawara, shawarar ta ƙi ƙarewa. Alhaji Ɗanlami bai ɗauki aikinmu sana'a ba. An ce ya ce mutumin da ba ya ɗora kaya ba ya sauke kaya, sai danne-danne, da me zai riƙe mace? Ga kuma wani mai tifa da ya fara zarya gidan da buhun shinkafa a bayan mota. Sai dai a gidansu, kamar yadda aka saba, uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa. Maganar tana hannun yayansa, Baffa Sule, wanda shi ne babba, kuma a ɗakinsa Balkisu ta yi wayo. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗauko katako daga kudu, har ciwon ido ya zaunar da shi, ganin ya tafi gaba ɗaya. Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kabiru ya yanke shawarar nuna musu abin da danne-danne ke iya yi. Zai gina wa rumfar shafi, kyauta. Ya ɗauki waya ya tafi Katako ya ɗauko hotunan falanki da tu-bai-fo na rufin gida da tulin katakon melaina da na maɗaci. Alhaji ya ce ai ba za a nuna katako a bar masu katako ba, aka jera 'yan'uwa aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har Baffa Sule aka kawo aka zaunar a benci da baƙin gilashinsa.

Na ce masa, "In ka gama kawo in karanta."

Ya ce, "Haba Yaya Hajara, aikin gida ne fa, kyauta ne."

"Kyauta ba ta hana ido biyu."

Ya ce gobe. Goben da ban gani ba ke nan, don daga ɗakinsa ya ɗora abinsa. Kuma gaskiya shafi ya yi kyau. Na bi da shi ta asibiti don kaina, ban samu abin cewa ba. Ba a jima ba wani magini daga Bukuru ya gani ya kira ya ɗauki falanki mota guda, a shekarar da ba a sayar da ko ƙusa. Alhaji ya fara amsa gaisuwar Kabiru da kallon fuska.

Yanzu sai ku buɗe kunne, don nan ne wurin da kuke tsallakewa a aji. Kowane hoto a shafi yana da wani ɗan gurbi a bayansa da muke kira alt, inda ake rubuta abin da ke cikin hoton. Mai ido ba ya ganin rubutun sai in hoton ya ƙi buɗewa. An yi shi ne musamman don wanda ba ya gani, saboda akwai manhajar da ke karanta masa shafi da murya, in ta iso kan hoto sai ta karanta wannan bayanin. Ragwaye sukan bar gurbin fayau, ko su rubuta hoto1, hoto2. Kabiru ba rago ba ne, ya cika kowane gurbi. Kuma ya san hotunansa ba sa ƙin buɗewa.

Wata ranar Talata da hantsi muna buga katin suna wayarsa ta yi ƙara. Balkisu ce. Ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Da ya ajiye sai ya ce Baffa na nemansa bayan la'asar, kuma ya ce ya zo da babbansa na wurin aiki.

Na ce, "To ai alheri ne."

Ya ce, "Ta ce tun jiya yana zaune da waya a kunne. Ya yi dariya, ya yi shiru, ya sake dariya. Ɗazu ya kira ta ya tambaye ta wai da gaske Babanta ya yi sanƙo?"

"Baffa yana da waya mai karatu?"

"Wai wani malamin makarantar makafi ne ya saita masa bara. Wallahi ban sani ba."

Na ja kwamfuta na buɗe kod ɗin. A bayan hoton surukin da yake nema, Kabiru ya rubuta: Alhaji Ɗanlami, tumbi ya riga shi shiga hoto, ya ture hula baya, sanƙo na shan rana. A bayan na ƙaninsa: Alhaji Musa yana murmushin da ba ya yi wa mai neman ragi, haƙori ɗaya ya tafi hutu. A bayan tulin katako: melainar da Alhaji ke rantsuwa ta bushe, ba ta bushe ba. Na yi dariya har na kifa kai a tebur, ba zan ɓoye muku ba. Sai na iso kan hoton Baffa, dariyar ta tsaya. Baffa Sule a kan benci da baƙin gilashi, an sa masa riga a baibai, aikin wuyan yana ciki, duk gidan ba wanda ya lura. Na ƙara girman hoton. Haka ne kuwa.

Kafin in gama yi masa faɗa ya fizge kwamfutar ya bi gurbin nan ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Ɗanlami, shugaba. Alhaji Musa, mataimaki. Katako mai inganci. Baffa Sule, dattijo. Na ce masa wanda ya riga ya ji ai ya ji, ya ce ko ba komai in an bincika ba za a samu shaida ba. Ya ajiye gyaran a git kamar yadda hannunsa ya saba, ya ɗora.

Bayan la'asar muka isa gidan, ni da jakar kwamfuta a kafaɗa. Baffa na zaune a kan darduma a zaure, waya a hannu. Alhaji Ɗanlami na gefe a kujera, da ganin yadda ya amsa gaisuwa da fara'a ka san bai san komai ba. Na durƙusa na gaishe su, na ce Oganmu yana ƙauye, ni ya bar wa shago.

Baffa ya ce, "Madalla, 'yata, zauna. Kabiru, matso kusa, ba na cizo."

Ya ɗaga wayar ya shafa ta da yatsa. Wata muryar Baturiya ta fara zuba da sauri, tana karanta Hausa kamar mai mura, ni da ƙyar nake kamawa, shi kuwa kunnensa ya saba. Ta ce Alhaji Ɗanlami, shugaba. Baffa ya dakatar da ita.

"Ikon Allah. Jiya ƙanena yana da tumbi, yau ya warke. Kabiru, wane asibiti ka kai shi?"

Alhaji ya ce, "Wane tumbi kuma, Yaya?"

Baffa bai kula shi ba, ya juyo inda nake. "'Yata, a sana'ar taku, abin da aka goge yana dawowa?"

Kabiru ya kalle ni da idon roƙo. Zan iya cewa a'a, ba wanda zai ƙaryata ni a zauren nan. Amma ba na yi wa dattijo ƙarya, sannan kuma, tsakani da Allah, ina so in ga fuskar Alhaji. Na ce, "Baba, a shagonmu ba a goge abu ya tafi." Na buɗe git na dawo da na jiya. Baffa ya ce in karanta da bakina, don Baturiyarsa ba ta iya sa gishiri a magana.

Na karanta na tumbi. Alhaji ya miƙe tsaye. Na karanta na melaina, ya fara nuna Kabiru da yatsa yana neman kalma.

"Yaya, ka ji yaron da kake so mu ba 'ya! A cikin gidana! A kan katakona!"

"Zo nan, Ɗanlami. Sunkuyo."

Ko ya kai shekara nawa, ƙani ƙani ne. Alhaji ya sunkuya. Baffa ya lalubi hular ya cire, ya shafa kan tun daga goshi har ƙeya, a hankali, sannan ya gangaro da hannu ya ɗan bubbuga cikin.

"Subhanallahi. Da suma na bar ka. Kai ma ɓoye mini ka yi."

Ya mayar masa da hularsa ya ce ya zauna. Sannan ya yi magana, muryarsa ba wasa a ciki.

"Tun da idanun nan suka tafi ba wanda ya ƙara gaya mini abin da ke gabana. In na ce yaya wane yake, a ce lafiya lau. An gyara titin gidan nan? Lafiya lau. Wayar nan ma in ta iso kan hoto sai ta ce hoto, ta wuce, kamar an rufe mini ƙofa a fuska. Jiya ina bin shafin nan don in ji abin da ake ta yabo, sai ga Ɗanlami tsaye a gabana da tumbinsa. Ga Musa da giɓinsa. Na ga 'yan'uwana, Kabiru. Na yi dariya har jikokina suka zaci na taɓu."

Kabiru ya ɗan ɗago kai, ya fara samun numfashi.

"Sai na zo kan nawa."

Alhaji ya tambaya me aka rubuta, Baffa ya faɗa masa da kansa, bai rage ko kalma ba. Alhaji ya sunkuyar da kai, don shi ya riƙo hannun yayansa zuwa benci ranar.

"Wannan ta yi mini zafi," in ji Baffa. "Na 'yan gida daban, zan ji da su. Amma kai ka gani. Kai kaɗai ka gani a duk kasuwar. Ba ka matso ka ce Baba gyara rigarka ba. Ka ɗauki hotonka, ka tafi ka rubuta a inda kake zaton ba kowa. To ni ne a wurin. Mu ne a wurin da kuke zaton ba kowa."

Hawaye suka riƙa sauka a kan gwiwar wandon Kabiru. Da ƙyar ya ce, "Baffa, na yi laifi. A yafe mini." Ni kaina na cire rai, a zuciyata na ce mai tifa ya gama samun mata.

Baffa ya ce, "Yafiya tana nan, ba ta gudu. Aiki tukuna. Na jiya zagi ne, na yau kuma ba komai a cikinsa. Shugaba! Dattijo! Wa zai ga mutum a cikin wannan? Karɓi injin nan ka rubuta na uku, ina ji."

Nan aka zauna aka yi aikin da ban taɓa ganin irinsa ba, ido biyu da wanda ba ya gani. Kabiru ya rubuta, in karanta, Baffa ya yanke hukunci. Alhaji Ɗanlami tsaye a ƙofar rumfarsa, farar riga, hula a ture baya, mutum ne mai jiki. Alhaji ya ce a cire mai jiki, Baffa ya ce a bari, an ma yi masa ragi. Da aka zo kan melaina Alhaji ya ce wannan kam sharri ne. Baffa ya ce, "Ta bushe?" Alhaji ya duba ƙofa, ya duba silin, ya ce ai ana cikin damina. Aka rubuta melaina sabon yanka. Hoton Baffa kuwa ya ce a cire, a zo ranar Juma'a a ɗauki wani, kuma Kabiru ne zai duba shi kafin a ɗauka.

Na rufe kwamfuta ina zaton an gama. Baffa ya ce saura ɗaya.

"Akwai wadda ba ta cikin shafin. Rabona da fuskar Balkisu tun tana firamare. Kowa na tambaya sai ya ce kyakkyawa ce. Wannan irin shugaba ne da dattijo, ba ya nuna mini kowa. Kai da ka lura da haƙorin Musa, gaya mini yadda 'yata take."

Ku da kuka san kunyar suruki ku auna. Ga uban yarinya zaune, ga baffanta, a ce ka siffanta ta da bakinka. Kabiru ya kalli ƙasa, ya kalle ni, na ɗauke kai, wannan ba aikin da zan karanta masa ba ne. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ai wannan bai..." Baffa ya ɗaga masa hannu.

Kabiru ya fara. Ya ce ba ta da tsawo sosai, kafaɗarsa ta kai. Ya ce baƙa ce, ba irin hasken Alhaji ba. Tana da wushirya, kuma ba ta so a gani, in za ta yi dariya sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, amma idanun sun riga sun tona ta. In tana fushi girarta ta hagu ce ke ɗagawa, ta dama ba ruwanta. Akwai ɗan tabo a goshinta, kusa da gashi.

"Tabon na sani," in ji Baffa. "Daga tayar motata ta faɗo, ni na ɗauke ta." Ya juyo wajen Kabiru. "Wushirya ka ce? Lokacin da na san ta haƙoran gaba sun zube, ba su gama fitowa ba. Ɗanlami, ashe wushiryar Innarmu ta ɗauko, ba ka taɓa gaya mini ba?"

Alhaji ya ce a hankali, "Ita ce sak, Yaya. Har girar."

Baffa ya cire baƙin gilashin ya goge fuska da hannun riga. Ni ma sai da na nemi gefen mayafina. Ya mayar da gilashin ya ce, "A gaya wa mai tifa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kabiru, manyanka su zo a sa rana."

Kabiru ya yi godiya har goshinsa na taɓa darduma, ya yunƙura zai tashi, kafin wani ya canja shawara. Baffa ya lalubo ya kama bakin rigarsa.

"Ina za ka? Ranar ka samu, ba inda za ta. Zauna ka ci gaba, ni ban gama ganinta ba."